Famfon Jini Uku Daga Jidda

Talata: Zariya zuwa Kano

Da ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana a Tudun Wadan Zariya, da jakar tufafi a kafaɗa da ƙaramin akwatin kayan aikina a hannu. Maiɗakina Binta ta rako ni har zaure tana ƙara jaddada mini cewa ƙullin kuka da daddawa da ta sa a ƙasan jakar na Goggo Safiya ta Jidda ne, kada in raba wa kowa a hanya. Ɗan acaɓa ya kai ni Kwangila, na yi sallah a masallacin tasha, shida saura minti goma motarmu ta cika muka ɗauki hanyar Kano.

Aikina gyaran na'urorin asibiti ne, shekara ashirin da biyu ke nan ina yi, kuma rabinsu a kan na'urar wankin ƙoda na yi su. Bizata ta umra ce, kuma da niyyar umrar na fito, amma akwai wani dalili na biyu. Kakanmu da ƙannensa biyu sun tafi hajji a ƙafa tun zamanin Turawa. Shi ya dawo Zariya, ɗaya ya tsaya noman dawa a Gadarif ta ƙasar Sudan bai ƙara gaba ba, ɗayan kuwa, mahaifin Goggo Safiya, ya haye teku ya zauna a Jidda. Zumuncin bai yanke ba, da wasiƙa ake yi, yanzu da waya. Wata biyu kafin tafiyar nan Yaya Usman, jikan na Gadarif, ya aiko mini da saƙon murya. Shi ne nas mai kula da wani ƙaramin sashen wankin ƙoda a can. Ya ce cikin na'urorinsu biyar uku sun tsaya, duk famfon jini ne ya mutu, kuma saboda takunkumin da ke kan ƙasarsu da yaƙin da ya raba ta biyu, ya rasa mai sayar masa da sabo. Marasa lafiyar da ake wa wanki sau biyu a mako an mayar da su sau ɗaya. Duk wanda ya san aikinmu ya san wanda aka rage wa wanki, kwanansa aka rage. Muka yi shawara mu haɗu a Jidda, ni in zo ta sama, shi ta ruwa.

Shinge uku muka wuce kafin Kano. A na Kwanar Ɗangora wani ɗan sanda ya sa na buɗe akwatin, ya ɗaga mitata ta gwajin wuta yana juyawa, ya tambaye ni ko ina gyaran rediyo. Na ce ina yi idan ta kama. Ya yi dariya ya ce tasa ta gida wata uku ba ta magana, ya rufe mini akwatin da kansa. Kilomita ɗari da hamsin da 'yan kai, muka shiga Kano takwas da kwata.

Kano zuwa Jidda

A filin jirgi aka ce sukundireba ba ta shiga cikin fasinja, sai akwatin ya bi kaya. Na naɗe shi da leda na bi shi da kallo har bel ya tafi da shi. Jirginmu ya tashi sha ɗaya da rabi. Na riga na ɗaura harami tun a ƙasa, da aka sanar mun zo daidai miƙati na yi niyya. Kusa da ni wata hajiya ce daga Haɗeja, wannan zuwanta na shida, ta yi ta koya mini yadda ake ciniki da Larabawa har barci ya ɗauke ta. Bayan awa huɗu da rabi muka sauka, agogon can ya nuna shida na yamma, domin sun riga mu da awa biyu.

Faisal ne ya tare ni, ɗan Goggo Safiya, mutum ɗan shekara arba'in da wani abu, direban wani sito a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu da ke kudancin gari. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba. Taubashina ne, don haka tun kafin mu gaisa ya dube ni cikin harami ya ce ashe mutanen Zazzau ba su ƙoshi. Hausarsa rabi Larabci ce, kowace magana da "yalla" take farawa, da "halas", wato shi ke nan, take ƙarewa.

Goggo Safiya tana unguwar Hindawiyya, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Da a Karantina suke, a nan aka haife ta, a nan ta haifi 'ya'yanta, har rusau ya zo ya share unguwar. Ta kusa tamanin. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana tambayar mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu tun ina firamare. Da na miƙa mata ƙullin Binta ta shinshina daddawar ta ce gobe kowa tuwo zai ci.

Laraba: Makka, da isowar Yaya Usman

Bayan asuba Faisal ya kai ni tashar motocin Makka. Tafiyar awa ɗaya ce, kilomita kamar tamanin. Ba zan tsawaita a kan umra ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kai shi. Abin da zan faɗa kawai, a wurin Safa da Marwa ban roƙi komai ba sai famfo uku. Na yi aski, na dawo Jidda da la'asar.

Na tarar da Yaya Usman a falon Goggo. Jirgin ruwansu daga Sawakin, tashar bakin tekun Sudan, ya kwana bisa teku, ya iso da hantsi. A hoto kawai na san shi, mai jiki, sai na ga dogon mutum siriri cikin farar jallabiya da ta yi masa yawa. Hausarsa irin ta kakanni ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Ya ce daga Gadarif zuwa bakin teku kwana biyu ya yi a mota, an sauke su a shinge fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kowane shinge sai an tambaye shi ƙabilarsa da inda ya kwana bara. Muka ci tuwo miyar kuka. Yana gama wanke hannu ya ciro wata takarda da ya naɗe a leda, mai lambar na'urorin da hatimin asibitinsu. Na duba. Tsofaffi ne, irin waɗanda na yi shekaru ina kwancewa ina ɗaurawa.

Alhamis: Madinar Masana'antu

Muka fita bakwai da rabi. A hanya muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, riyal biyar ya ishi mutum biyu. Madinar Masana'antu kusan rabin awa ce daga Hindawiyya, tituna miƙaƙƙu, sito bayan sito, manyan motoci da ma'aikata daga kowace ƙasa. Na ji Hausa sau uku kafin mu isa inda za mu.

Kamfanin farko manajansa wani Bamisre ne mai fara'a. Ya sa aka kawo mana shayi, ya duba lambobin, ya ce akwai sabon samfurin da zai hau na'urorin. Da Yaya Usman ya miƙa masa takardar asibiti ya ga sunan ƙasar, sai ya ajiye alƙalaminsa. Ya yi mana bayani ba tare da wulaƙanci ba. Doka ba ta hana sayar da kayan asibiti ba, amma uwar kamfaninsu da ke ƙasar waje ba ta yarda a tura komai Sudan sai lauyoyinta sun duba, abin da kan ɗauki watanni, kuma ko sun yarda, babu bankin da zai karɓi kuɗin da suka fito daga can. Na biyu da na uku maganar ɗaya ce, sai dai su ko shayi ba su ba mu ba.

A cikin mota Faisal ya ce abu mai sauƙi ne, a rubuta Najeriya da sunan asibitina, halas. Na ce ba zai yiwu ba. Ko na yarda in yi ƙarya da sunan wurin aikina, sabon famfon ba ya tashi sai kamfani ya aiko da lambar buɗewa, kuma sai sun ga lambar na'urar da za a ɗaura shi a kai, wadda a littafinsu tana Gadarif. Da muka tsaya a danja Yaya Usman ya sa baki.

"An ce an sa takunkumi don a matse masu mulki," in ji shi. "Shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa ganin mai mulki a layin wankin ƙoda ba. Shi jirgi yake hawa."

Ya ce akwai lokacin da aka sanar an ɗage wani sashe na takunkumin, har aka yi murna a gari, amma bankuna ba su ji sanarwar ba. Suna cikin jiran su ji, yaƙi ya zo, aka ƙara wani a kai.

Juma'a: bakin teku

Bayan masallaci Faisal ya ce sai mun ga gari. Ya bi da mu ta bakin teku, inda iyalai ke shimfiɗa darduma suna shan iska. Muka wuce wani babban otal da baƙaƙen motoci jere a gabansa, ya ce ana raɗe-raɗin a irin waɗannan wuraren wakilan ɓangarorin Sudan ke zaman sulhu. Na tambayi Yaya Usman ko yana sa rai. Ya ce yana sa rai, don babu yaƙin da ba ya ƙarewa, kuma 'yan kasuwa har yanzu suna ratsa layin da albasa da gishiri, alamar mutane ba su yarda an raba su ba. Abin da yake tsoro shi ne rabuwar ta daɗe har ta zama jiki. Ya tuna lokacin da kudancin Sudan ya ɓalle, wata abokiyar aikinsu da suka yi shekara goma tare ta wayi gari baƙuwa a garin da aka haife ta. Ya ce an yanke ƙasar sau ɗaya yana kallo, ba ya so ya ga na biyu. Amma ƙoda ba ta jiran sulhu, ita sau biyu a mako ta sani.

Da yamma saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Idris ne, ƙanin Yaya Usman uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma nas ne, a sashe ɗaya suka yi aiki a Khartum, Yaya Usman ne ma ya koya masa aikin. Da yaƙi ya ci birnin, babban ya yi gabas zuwa Gadarif, ƙaramin ya bi dangin matarsa yamma zuwa Niyala, wadda ke hannun ɗaya ɓangaren. Idris ya ji labarin tafiyarmu daga wata 'yar'uwa. Ya ce na'ura ɗaya ta rage masa, famfonta na tsayawa ana cikin wanki, in Allah ya sa mun samu a tuna da shi.

Na kai wa Yaya Usman maganar a gaban Goggo, ban san na taka wuta ba. Ashe tun farkon yaƙin ba su magana. Babban ɗan Yaya Usman, Mu'awiya, an harbe shi a wani shinge ranar da suke fita daga Khartum, kuma mutanen da suka tsare shingen su ne ke riƙe da garin da Idris ke aiki.

"Yana wanke jinin waɗanda suka zubar da na ɗana," in ji Yaya Usman. "Kada ka ƙara kawo mini sunansa, Tukur."

Goggo ta ce masa uwarsu ɗaya, nono ɗaya suka sha. Ya ce ya sani, Goggo, ya tashi ya shiga ɗaki. Ni kuwa na ga ba a rabon abin da ba a samu ba, na bar maganar.

Asabar: haraj

Tun daren Alhamis nake tunanin cewa asibitocin Jidda masu kuɗi ne, ba su jira na'ura ta mutu kafin su canza. To tsofaffin ina suke zuwa? Faisal ya tambayi abokan aikinsa, aka ce mu je haraj, babbar kasuwar gwanjo da ke kudancin gari. Muka isa tara na safe. Ban taɓa ganin kasuwa irinta ba, daga kujerun ofis zuwa injin wanki zuwa gadajen asibiti, komai tsibi-tsibi. Muka yi awa uku muna yawo a rana, wannan ya tura mu wurin wancan. Wani ɗan Agadas mai sayar da tsofaffin firji ne ya ce mu nemi Ammu Salih a layin ƙarshe.

Ammu Salih dattijo ne ɗan Yaman, gajere, da gemu ja na lalle. A bayan sitonsa, ƙarƙashin tsofaffin tamfol, na ga na'urorin wankin ƙoda bakwai, huɗu daga ciki irin na Gadarif sak. Na tsuguna na duba lambobinsu. Ya ce a kilo ya saye su, ƙarfen yake so, bai san ko suna aiki ba. Da ya ji inda za a kai su, ya tambayi Yaya Usman garinsu yana hannun wa. Ya saurara, sannan ya ce shi ma ƙasarsu gwamnati biyu gare ta, ɗan'uwansa na can wani gari da a da tafiyar awa ɗaya ce daga nasu, yanzu sai an wuni ana zagaye ta duwatsu. Ya ce mu cire abin da muke so mu biya shi kuɗin ƙarfe, kuma ya ba mu bayan sito da wuta mu yi aiki.

Lahadi zuwa Talata: bayan sito

Kwana uku muna zuwa bakwai na safe mu tashi biyar na yamma. Faisal ya sauke mu ya wuce aikinsa. Zafin wurin ba a magana, fanka ɗaya ce, kuma sai na kashe ta idan zan yi aikin dalma. Na kwance na'urori huɗun gaba ɗaya. Wata injin juya famfonta lafiya amma allon lantarkinta ya ƙone, wata allon lafiya amma gishirin iskar teku ya cinye wayoyinta. Na riƙa ɗaukar na wannan ina haɗawa da na waccan. Yaya Usman yana wanke kowane ƙarfe, yana rubuta abin da na yi a littafi, don ya nuna wa mai gyaran da suke da shi a Gadarif.

Famfon jini ba abin da ake cewa "ya yi" da ido ba ne. Idan ka sa shi a ɗari uku, dole ya tura mililita ɗari uku a minti ɗaya, ba ƙari ba ragi, kuma ya yi awa huɗu a haka. Muka tayar da na'ura ɗaya ta zama ta gwaji. Goggo ta dafa mana zoɓo, wanda su Yaya Usman ke kira karkade, muka tace shi ya zama jininmu, don a ga tafiyarsa a cikin roba. Ni ina riƙe da agogo, shi yana riƙe da kofin awo. Na farko ya ci gwaji ranar Lahadi da yamma. Na biyu ya ba mu wahala, yana yin awa ɗaya sai ya fara ja da baya, sai ranar Litinin na gano wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne ya goge. Na uku ya tashi ranar Talata da hantsi, shi ya fi duka tsayuwa a kan awo. Na huɗu na yi iya yina, bai tashi ba. Uku muka zo nema, uku muka samu.

Muna cin shinkafa a bakin sito ranar Talatar, wajen ƙarfe ɗaya, sai wayata ta yi ƙara. Idris ne. A garinsu sai mutum ya je kasuwa ya biya a ba shi intanet na 'yan mintoci. Zan faɗi gaskiya, da gangan na buɗe muryar kowa ya ji. Yaya Usman ya juya mana baya, amma bai tashi ba.

Idris ya ce jiya famfon ya tsaya sau biyu, sai da ya mayar wa mara lafiya jininsa da hannu, yana juya marfin. Ya ce ya san abin da ake faɗa a kansa, amma shi ba ya tambayar ƙoda ɓangarenta, duk wanda aka kwantar a gadon yi masa yake. Yawancinsu ma ba masu bindiga ba ne, manoma ne da tsofaffi da waɗanda suka gudo daga Khartum. Ya fara lissafa su, ya ambaci wani malamin makaranta, ya ambaci Hajja Batul.

Yaya Usman ya juyo.

"Batul ta Umdurman? Tana da rai?"

Idris ya ce, "Tana da rai, Yaya. 'Yarta ce ta kawo ta."

"Har yanzu a hannun hagu kake sa mata?"

"Na hagun ya toshe. Na koma dama."

"Kada ka cire mata ruwa fiye da lita biyu. Jininta faɗuwa yake yi."

"Na sani, Yaya. Kai ka koya mini."

Daga baya na ji cewa shekara tara suna yi wa matar nan wanki tare, kullum sai ta zo musu da dabino, tana kiran su 'ya'yanta. Suka yi kusan kwata suna magana, duk a kan aiki, allura da ruwa da maganin hana jini daskarewa. Ba wanda ya ambaci Mu'awiya, ba wanda ya tambayi iyalin wani. Lokacin Idris ya ƙare, wayar ta yanke.

Yaya Usman ya wanke hannu ya shiga sito. Na bi shi. Ya tsaya a kan famfunan uku ya daɗe, sannan ya ɗauki na ukun, wanda ya fi kyau, ya ajiye gefe. Na tuna masa cewa hakan na nufin na'ura ɗaya a Gadarif za ta ci gaba da zama a kwance. Ya ce ya sani. Shi yana da mai gyara a kusa, Idris ba shi da kowa, don haka a ba shi wanda ba zai ba da matsala ba. Ya ƙara da cewa kada in ɗauka ya huce, bai huce ba.

Laraba da Alhamis: takardu da tashar jirgin ruwa

Sai kuma matsalar hanya. Daga Gadarif babu yadda za a yi kaya irin wannan ya ratsa zuwa Niyala, a shingen farko za a tsare shi da mai ɗauke da shi. Goggo ce ta warware. Ta ce akwai wani Alhaji Mahamat ɗan Chadi, tsohon maƙwabcinsu a Karantina, yanzu yana kasuwanci tsakanin Kano da Njamena, motocinsu na zuwa har Abeshe da bakin iyaka. Ta sa Faisal ya kira shi, ta yi masa magana da Larabci kamar tana aiken ɗanta. Ya amsa. Ke nan famfon zai biyo ni Kano, ya bi Maiduguri, ya ratsa Kamaru da Chadi, sannan ya shiga ƙasar da aka yi shi dominta ta baya.

Ranar Laraba Ammu Salih ya rubuta mana takardar sayarwa mai nuna tsofaffin kaya ne na gyara, muka haɗa da wasiƙar asibiti, muka kai ofishin masu jigilar kaya aka buga hatimi. Ba mu ɓoye komai ba, ba kuma wanda ya hana mu. Alhamis da ƙarfe biyu na rana muka raka Yaya Usman tashar jirgin ruwa. Wurin cike yake da mutanensu, kowa da buhunan gari da kwalayen magani da faranti mai ɗaukar hasken rana. Ya ƙi yarda famfunan su bi kaya, ya naɗe su cikin bargo ya rungume. Da za mu rabu ya ciro littafin da ya yi ta rubutu a ciki, ya yage shafukan da suka shafi ɗaura famfo, ya ce in sa a kwalin Niyala, shi ya haddace. Na duba ko ya rubuta wani abu a ƙasa. Bai rubuta ba.

Komawa gida

Na yi sallama da Goggo ranar Asabar da safe. Ta cika mini jaka da dabino da turare, ta ce in gaya wa Binta daddawar ta yi gishiri kaɗan. Faisal ya kai ni filin jirgi, ya ce in na dawo in zo da ƙiba. Muka tashi goma na safe, muka sauka Kano sha biyu da rabi agogon gida. Alhaji Mahamat da kansa ya zo ya karɓi kwalin a wajen filin jirgi, ya ce kada in sa rai kafin wata guda. Na shiga motar Zariya uku da kwata, na yi sallama a ƙofar gidana ana kiran magariba.

Bayan kwana takwas Yaya Usman ya aiko da saƙo, na'urori biyu sun tashi, an mayar da yawancin marasa lafiya wanki sau biyu a mako. Na Niyala kuwa shiru. Damina ta tsare motar a hanyar Abeshe, sannan aka rufe iyaka na wasu kwanaki. Sai a mako na shida Yaya Usman ya kira ni ina wurin aiki. Ya ce famfon ya isa, an ɗaura, yana tafiya daidai kan awo. Amma Hajja Batul ba ta gan shi ba, ta rasu kwana huɗu kafin isowarsa. Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, sannan na tambaye shi wa ya gaya masa.

"Idris," in ji shi. "Yakan kira ni ran Litinin, idan ya samu shiga kasuwa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Goggo Safiya da Faisal, da Ammu Salih wanda ya ba mu wuri bai san mu ba, da Alhaji Mahamat da direbobinsa da ban san ko sunansu ba, da abokan aikina da suka riƙe mini aiki mako biyu. Allah ya jiƙan Hajja Batul da Mu'awiya. Allah ya buɗe hanya tsakanin Gadarif da Niyala, yadda saƙon wa zuwa ga ƙaninsa ba sai ya biyo ta Kano ba.